Wasiƙar da Ta Kwana Tara a Aljihun Ambrose

Duk wanda ya zauna a Titin Alder ya san abin da ake faɗa game da Ambrose Pruitt. Ana cewa shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu da ƙafa, kuma ko katin gaisuwa bai taɓa salwanta a jakarsa ba. Ana kuma cewa bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. Misis Velma, wadda shingen katako kaɗai ya raba gidanta da nasu, ta fi kowa iya ba da labarin. Ranar da ya ja mota da baya ya tattake mata furanni bai ce uffan ba, amma da gari ya waye ta tarar an yanke mata ciyawa, an kuma gyara ƙyauren lambunta da ya shekara uku yana kuka. Marigayiya matarsa Corinne kuwa takan ce ita in ta ji ƙarar guduma da sassafe, sai ta kwanta shiru tana tunanin me ya yi mata jiya.

Bayan rasuwar Corinne ya koma gidan 'yarsa Lenora, wadda ke aikin jinya a asibitin birni, da 'yarta Odessa, da kowa ke kira Dessa. Shekararta goma sha uku. An haife ta ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama ba, don haka takalmin hagu yake da kauri a ƙasa, ga kuma ƙarfe da ke riƙe mata ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu. Kowace Lahadi su biyu suke takawa zuwa coci, tana jan shi da tsokana, shi kuma yana yi kamar bai ji ba. Ambrose mutum ne da ba ya iya tafiya bai ƙirga taku ba, aikin ne ya bar masa wannan. Ba tare da ya yi niyya ba ya san tafiyar jikarsa kamar yadda ya san tsohuwar unguwar rabonsa: taku sittin da biyar a minti, in hanya a share take.

A birnin, yaron da ya gama aji takwas sakandaren unguwarsu ake kai shi kai tsaye, sai fa in iyaye sun cike fom sun nemi wata. Fom ɗin ta gidan waya ake aika shi ofishin ilimi, kuma hatimin da ke kan ambulan shi ne shaida: in ya wuce sha biyar ga Janairu, ko buɗewa ba a yi. Sakandaren unguwarsu ƙarama ce, ba bene, yara ɗari biyar, titi biyu daga gida. Dessa kuwa Carrow take so, wadda ke ƙetaren kogi, mai yara dubu uku da ɗari biyu da gine-gine huɗu da aka haɗe da dogayen baranda. A duk makarantun gwamnati na birnin ita kaɗai ke da wurin iyo.

A watan Nuwamba suka je Carrow ranar baƙi su uku. Wata ɗaliba mai jar riga ce ta zaga da su, tana tafiya da baya tana zuba bayani. Lenora na tambaya game da malamai, Dessa na leƙa ko'ina, Ambrose kuwa leɓunansa kawai ke motsi. Daga azuzuwan lissafi da ke hawa na uku zuwa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya ƙirga taku ɗari huɗu da goma sha biyu, har da matakala biyu. Ya tambayi yarinyar minti nawa ake ba su tsakanin darasi da darasi. Ta ce biyar.

Ba ta rufe baki ba ƙararrawa ta kaɗa. Ƙofofi suka buɗe a lokaci ɗaya, yara suka kwararo kamar an fasa dam, wasu sun fi shi tsawo, kowa da ƙatuwar jaka a baya. Ya miƙa hannu zai kama Dessa, bai same ta ba. Sai da baranda ta lafa ya hango ta jingine da bango tana dariya, gashinta ya hargitse. Shi dai bai yi dariya ba. A mota ya yi lissafinsa: minti biyar, taku ɗari uku da ashirin da biyar ke nan a wurinta. Saura tamanin da bakwai. Ya riƙa ganin ta tana tura ƙofar aji kowa ya zauna, ƙarfen na ƙara a kan daɓe, idanu talatin sun juyo kan ƙafar nan, yau da gobe har shekara huɗu.

Ya faɗi haka a teburin abinci, da alƙalumansa dalla-dalla, a kan kaza da burodin masara. Lenora ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce makarantar nan Dessa ce za ta yi ta, ba su ba. Dessa ta ce ita ta ga ruwan nan, mai layi takwas, ga ɗumi yana tashi a kansa.

"A cikin ruwa ba wanda ke ƙirga taku, Kaka," ta ce.

Ya ce ai ba a ruwa ake koyon lissafi ba. Ta ce ita ma ba ta ga ana koyonsa a baranda ba, amma ga shi ya iya. Lenora ta tuntsire da dariya, magana ta mutu a nan.

Ran shida ga Janairu Lenora ta sa hannu a fom ɗin, ta liƙe ambulan, ta manna kan sarki. Ba ta ma yi tunanin wa za ta ba ba. A gidan da Ambrose Pruitt yake, wa kuma zai kai wasiƙa? Ya sa ta a aljihun hagu na cikin babbar rigarsa ta sanyi, inda yake ajiye alewar na'ana'a, ya fita.

Shuɗin akwatin wasiƙu yana bakin kwana, taku ɗari da arba'in daga ƙofarsu. Ya ja murfin, ya riƙe ambulan a bakin ramin. Ya daɗe a haka har wani mai yawo da kare ya gaishe shi. Sai ya mayar da ita aljihu, ya ce wa kansa gobe ma rana ce, akwai sauran lokaci.

Gobe ta zo, ya sake tsayawa a gaban akwatin. Jibi bai ma ja murfin ba. Bai taɓa tunanin yaga ta ba, wannan kam hannunsa ba zai iya ba. Amma ya san in ranar ta wuce shi ke nan, za a kai Dessa makarantar unguwa ba tare da an yi musu da kowa ba, ta riƙa dawowa gida cin abincin rana, shi kuma yana hango ta daga taga. Za a ce wasiƙa ta ɓata a hanya. Nan ne abin ke tsaya masa a wuya, don ya san ma'aikatan gidan wayar da za a ɗora wa laifin, ya san sunayen 'ya'yansu.

A rana ta uku ya kwance famfon kicin da ke ɗiga tun bazara. Kashegari ya bi matakalar gidan da ƙusa, hawa-hawa, har ta daina ƙara. Ya gyara murfin murhu, ya shafa wa ƙofar banɗaki mai, ya sauya igiyar shanya a ɗakin ƙasa. Ya share dusar ƙanƙarar ƙofar gidansu, da ta Misis Velma, da ta wasu ma'aurata da suka tare kwanan nan waɗanda ko sunansu bai sani ba.

Misis Velma ta tare Lenora a bakin shinge ta ce mata ita fa tsoro ya fara kama ta, don ko lokacin furanninta bai yi aiki haka ba, wannan karon ko dai mutum ya kashe. Lenora ta shigo ta same shi kwance ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baba, me ka yi?"

Ya ce gidan ne ya tsufa.

"Gidan ya daɗe da tsufa. Me ka yi?"

Ya ce ta miƙo masa sifana. Ta miƙa masa, ta tsaya jim tana kallon tafin takalmansa, sannan ta tafi sauya kaya. Ta san shi. Tun tana yarinya ta koyi cewa matsa masa kamar matsa dutse ne a nemi ruwa.

Dessa ce kaɗai ba ta tambaye shi komai ba. Sai dai ya lura ta daina zuwa lalube aljihunsa neman alewa, abin da take yi tun ba ta kai tsawon tebur ba. Ya ce wa kansa girma ne ya zo.

Ran Juma'a, sha biyar ga wata, aka wayi gari dusar ƙanƙara ta binne motoci har rabin ƙofa. Rediyo ya jero sunayen makarantun da aka rufe, da ta su Dessa a ciki. Lenora ta bi motar wani abokin aikinta mai manyan tayoyi ta tafi asibiti. Ambrose ya leƙa waje, ya ga motarsa ta zama tudu, ya ji wani abu mai kama da sauƙi ya sauko masa. Ga shi dai ba shi ya hana ba. Ya ɗauko sukudireba ya fara kwance ƙyauren kabad ɗin kicin, wanda babu abin da ya same shi.

Bayan azahar Dessa ta sauko da wani ƙaramin littafi mai koren bango. Ta zauna a tebur, ta ɗora ƙafar hagu a kan kujera, ta fara karantawa a hankali kamar mai bitar darasi. Daga lissafi zuwa kimiyya ta babbar matakala, ɗari huɗu da sha biyu, lissafin Kaka. Ta bayan laburare, a bi ta ƙaramar ƙofar da ke kusa da ɗakin kayan shara, ɗari biyu da sittin. Daga kimiyya zuwa wurin cin abinci, ɗari da casa'in, in an bi ta ƙasa. Daga nan zuwa wurin iyo, ɗari uku cif, amma wannan bayan an tashi ne, ba mai kaɗa ƙararrawa.

Sukudireba ta tsaya a hannunsa. Bai juyo ba, ya tambaye ta ina ta samo waɗannan.

Ta ce a Disamba, ranar da makarantarsu ta kai su su yini a Carrow, kowa ya bi wani ɗalibi aji-aji. Ita da aka tashi cin abinci sai ta je ta sami wata mata mai goge daɓe, Misis Inez, wadda ta yi shekara goma sha tara tana tura bokiti a gine-ginen nan huɗu, ga ciwon gwiwa. Ta tambaye ta ita ta ina take bi. Matar ta ajiye tsintsiya ta zaga da ita.

"Kai ka ce min kowace unguwa hanya biyu gare ta," Dessa ta ce. "Wadda ake nuna wa baƙo, da wadda mai jaka a kafaɗa ya sani. Ka ce sabon ma'aikaci ne kawai ke bin bakin titi gida-gida, tsohon hannu ya san inda shinge ya ɓule." Ta juya shafi. "Hanyar baƙi ka ƙirga, tsoho."

Shekara talatin da ɗaya a aikin, kuma Ambrose ya bi bayan yarinya mai tafiya da baya yana ƙirga kamar wanda aka ɗauka aiki jiya. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, to ranar da aka kulle ƙaramar ƙofar fa, ko ƙafar ta tashi da ciwo.

"Sai in makara," ta ce. "Su kalla. Shekara goma sha uku ana kallonta, ban ga ta ƙara gajarta ba."

Ya tsaya da ƙyauren kabad a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Daga bisani ya jingine shi da bango, ya nufi inda rigarsa ke rataye. Ta tambaye shi ina zuwa. Ya ce shan iska.

Ta ce in shan iskar zai bi da shi ta babban gidan waya, rediyo ya ce yau ƙarfe huɗu za su rufe saboda yanayi, kuma ba za a kwashe akwatunan kan titi ba. Tana maganar tana ɗaure igiyar takalminta. Da ta ɗago ta ƙara da cewa alewar aljihun hagu ma ta ƙare tun ranar Asabar, in zai sayo.

Ya duba agogo. Uku saura minti goma. Babban gidan waya mil ɗaya da rabi ne daga nan, bas ba ta tafiya. Ya buɗe baki zai ce ta zauna a gida, hanya ba kyau, sai ya ga irin kallon da take masa, ya rufe. Ya ɗauko mata hularta.

Ya shiga gaba yana fasa hanya, tana sa ƙafa a sawunsa. Bai bi babban titi ba. Ya ratsa da ita ta bayan shagon wanki, inda iskar injuna ke narkar da ƙanƙara, suka bi ta filin ajiye motoci na cocin Katolika da kullum ake fara sharewa, suka ɓulla ta wani lungu tsakanin gidaje biyu da ita ba ta taɓa sanin akwai shi ba. Sau biyu ta zame. Sau biyun ya ji hannunsa ya tashi da kansa, ya mayar da shi aljihu, ya jira ta miƙe. A hawan gada numfashinsa ne ya fara sarƙewa, ita ce ta tsaya tana jiransa, tana tambaya ko a ɗauko masa keken guragu. Ya ce bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta ce gado ne, amma ba daga wajensa ba.

Ƙarfe huɗu saura minti goma sha biyu suka tura ƙofar gilashi. Taga ɗaya ce a buɗe, kuma Dolores ce a bayanta, wadda ta yi shekara ashirin tana ware masa wasiƙu da asuba. Ta ce wa take gani haka, ashe tsofaffin dawakai ma suna fita a irin wannan rana. Ya ciro ambulan ya ɗora a kanta. Ta yi laushi, kusurwoyinta sun lanƙwashe, ta ɗauki siffar ƙirjinsa. Dolores ta juya ta gaba da baya, ta kai hanci.

"Mista Pruitt, wannan wasiƙar ta yi kwanaki a wani wuri. Har ƙamshin na'ana'a take."

Ya ce hatimin hannu yake so, ba na inji ba, kuma ta buga inda kwanan wata zai fito sosai. Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi yarinyar da ke tsaye tana karkaɗe hula. Ta danna hatimin a tawada, ta buga, ta juyo da ambulan ya gani. Sha biyar ga Janairu, baƙi ƙirin. Bai ɗauke ido ba sai da ya ga ta faɗa cikin buhun da za a fitar.

A waje dusar ta tsagaita. Suka tsaya a ƙarƙashin rumfar ƙofa. Ya ce akwai wani shago a gaba da ke sayar da cakulan mai zafi, in a buɗe yake zai saya mata babban kofi. Ta ce to. Ba ta motsa ba. Ya ce ya lura dunduniyar takalminta na hagu ta fara cinyewa ta gefe, in sun koma gida zai duba ta. Ya ce tagar ɗakinta ma iska na shiga, ya daɗe yana so ya toshe.

"Kaka," ta ce, "ka gyara famfo, ka gyara matakala, ka kwance kabad ɗin da lafiyarsa ƙalau. Ni ba abin da ya lalace a jikina."

Wata motar share hanya ta wuce tana walƙiya da fitila ruwan ɗorawa. Ambrose ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya laluba aljihun hagu, babu komai a ciki, ko alewa. Sai ya cire hularsa, sanyi ya daki saiƙonsa, ya riƙe ta da hannu biyu a gabansa kamar yadda yake yi a bakin ƙofar coci. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Odessa," ya ce, "wasiƙarki ce, na riƙe ta kwana tara, ba ni da ikon yin haka. Na raina ƙafarki, na raina hankalinki. Na yi miki laifi. Ki yafe mini."